SHARHI: Gidan Bakin Ruwa, Mafarkin Masu Hali, da Makomar Gaɓar Gulbin Gusau

Duk matashin da ke riƙe da wayar zamani a Tsafe, Gusau ko Bungudu ya san irin wannan bidiyon. Dillalin gidaje ne cikin kaftani mai guga, yana buɗe ƙofa bayan ƙofa: falo uku, ɗakunan kwana shida kowanne da makewayinsa, sashen baƙi, sashen masu aiki, ga wurin ninƙaya a tsakar gida. Sai a ƙarshe ya yaye labule, ruwa ya bayyana shimfiɗe iya ganin ido. Wani lokaci tafkin Jabi ne a Abuja, wani lokaci tsibirin Banana a Ikoyi ta Legas, wani lokaci kuma Palm Jumeirah a Dubai. Idan ya zo faɗin farashi, ba a cika jin kalmar miliyan ba. Biliyan ake ambata, ko kuma dala.

Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wanda aka sa wa hannu a Yulin 2024, zai shafe kusan shekara 1,190 yana tarawa, bai ci ba bai sha ba, kafin ya haɗa naira biliyan ɗaya. Duk da haka ana kallon bidiyon, ana tura wa abokai, ana cewa Allah Ya ba mu. Yi wa masu wannan buri dariya abu ne mai sauƙi, amma ba ya amsa komai. Abin da ya fi amfani shi ne a fahimci me ake sayarwa a cikin waɗannan gidaje, wa ya biya farashinsa kafin a gina su, kuma me hakan ke nufi ga gari irin Gusau, wanda gulbi ya ratsa shi kuma jama'arsa ke ƙaruwa kullum.

Abin da kuɗin ke saya

Idan aka saurari dillalan da kyau, ruwan da ke bayan taga shi ne abu na ƙarshe da suke talla. Kafin su kai gare shi sun riga sun lissafa wutar lantarki dare da rana, ruwan famfo da aka tace a cikin rukunin gidajen, titi mai kwalta da magudanar ruwa, masu gadi a ƙofa, na'urorin ɗaukar hoto a kowace kusurwa, makarantar yara da asibiti a kusa. Duk wanda ya karanta wannan jeri a Zamfara zai gane shi nan take, domin shi ne jerin alkawuran da ake yi masa a kowace kakar zaɓe tun da aka ƙirƙiro jihar ranar 1 ga Oktoban 1996.

Ke nan gidan bakin ruwa wata 'yar ƙaramar gwamnati ce mai aiki, wadda aka kewaye da katanga aka sa mata farashi. Mai saye yana sayen barcin da ba a farka a firgice, da yaran da za su fita wasa bayan la'asar ba tare da uwarsu ta riƙe ƙirji ba. Ga magidancin da ya taso a ƙauyukan Tsafe, inda noman gona ya koma sai da izinin 'yan bindiga a wurare da dama, ko wanda ke bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau yana addu'a daga tasha zuwa tasha, wannan buri ba shi da alaƙa da son nuna isa. Burin kowane uba ne.

Akwai kuma abin da ruwan kansa ke yi. A ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40, iskar da ta biyo ta kan ruwa ni'ima ce. Sannan ruwa katanga ce da ba a gina ba: ba wanda zai zo ya kafa bene a gabanka ya tare maka iska, ba kasuwar da za ta ci a ƙofar gidanka. Filin da ke gaɓa kuma ƙayyadadde ne, ba ya ƙaruwa, shi ya sa darajarsa ke hawa ko da naira na faɗuwa. Mai kuɗin da ke tsoron hauhawar farashi yana ganin irin wannan gida a matsayin rumbun ajiya.

Sai dai wannan gida ya sha bamban da gidan mai arziki da iyayenmu suka sani. Attajirin da, a Gusau ko Ƙauran Namoda, gidansa na cikin unguwa, zaurensa a buɗe, almajiri da baƙo da maƙwabci duk sun san lokacin da ake fito da tuwo. Arzikinsa na da shaidu, kuma shaidun na da haƙƙi a kansa. Sabon gidan an tsara shi ne yadda babu mai isa ƙofa sai an kira waya daga ciki. Wani ɓangare na abin da ake saya shi ne nisa daga dangi da masu neman taimako. Idan mai gidan ɗan kasuwa ne, wannan zaɓinsa ne. Idan kuwa mai riƙe da muƙamin jama'a ne, nisan ya zama matsalar siyasa, domin wanda bai taɓa jiran mai kurar ruwa ba ba zai ji zafin mutuwar famfo ba.

Ruwa a idon Bazamfare

A Zamfara, zama kusa da ruwa bai taɓa zama alamar jin daɗi ba. Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa ya ratsa Gusau ya wuce ta Bungudu har madatsar Bakolori, abokin sana'a ne. A gaɓarsa ake noman rani na tumatir, albasa, rake da ganyaye. Nan masunta suke, nan ake ɗibar yashi, nan makiyayi ke shayar da dabbobi. Masu hali na gina gidajensu a kan tudu. Wanda ya sauka kwari ya yi gini, galibi rashin kuɗin fili ne ya kai shi.

Dalilin wannan hikima a bayyane yake ga wanda ya tuna ƙarshen Satumban 2006, lokacin da madatsar ruwan Gusau ta ɓalle bayan mamakon ruwan sama. Rahotannin lokacin sun ambaci mutum kusan 40 da suka rasu da gidaje kusan 500 da suka rushe, kuma an danganta lamarin da ƙofofin sakin ruwa da suka ƙi buɗewa. A Agustan 2024 ambaliya ta raba dubban mutane da muhallansu a Gummi. Wata guda bayan haka madatsar Alau ta fashe, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri. A ƙarshen Mayun 2025 aka wayi gari da bala'in Mokwa a Jihar Neja, inda sama da mutum 150 suka rasu. A duk waɗannan wurare, gidajen da ruwa ya fara ci na talakawa ne.

Abin takaicin shi ne garin da gulbi ya ratsa shi ne kuma garin da magidanta ke ware kuɗin 'yan ga-ruwa a cikin cefanen yau da kullum, musamman idan rani ya tsananta. Saboda haka kalmar "bakin ruwa" tana da ma'ana biyu a ƙasa ɗaya. Ga mai gida a Jabi, kallo ne daga baranda. Ga mai gida a kwarin Gusau, sauro ne da damina, da fargabar daren da hadari ya haɗu a gabas. Abin da ya raba su shi ne aikin injiniya da doka: ganuwar tare ruwa, magudana, yashe madatsa, da hukumar da ke duba gini. Duk waɗannan da kuɗin jama'a ko ikon gwamnati ake samar da su.

Darasin Legas

Legas ta riga kowa a Najeriya wajen mayar da bakin ruwa kadara, kuma tarihinta ya nuna yadda ake yi. A Yulin 1990, gwamnatin soja ta Kanar Raji Rasaki ta rushe unguwar Maroko bayan wa'adin kwana bakwai. An ƙiyasta mutanen da suka rasa matsuguni da kusan 300,000. Hujjar da aka bayar ita ce wurin na ƙasa da matakin teku, yana fuskantar ambaliya, kuma bai dace da zaman ɗan Adam ba. Bayan an kwashe mutanen sai aka cike wurin da yashi. Yau yana cikin filaye mafi tsada a ƙasar nan, tsakanin Victoria Island da Lekki.

An maimaita irin haka a Otodo Gbame, ƙauyen masunta a gefen Lekki, tsakanin 2016 da 2017, inda dubban mutane suka tsere cikin kwale-kwale alhali maganarsu na gaban kotu. A gefe guda kuma ana gina Eko Atlantic a kan ƙasar da aka ƙwato daga teku, an kare ta da ganuwar duwatsu mai tsawon kilomitoci. Matakan ba sa canzawa: a bar gaɓa ba magudana ba kulawa, a ayyana ta a matsayin haɗari, a kori mazaunanta saboda lafiyarsu, sannan a kawo aikin da da an yi shi tun farko da ba a kore su ba.

Tsada ma ba ta zama garkuwa ba. A Afrilun 2023 wani bene mai hawa bakwai da ake ginawa ya rufta a tsibirin Banana, unguwar da ake ɗauka ta fi kowace tsari a Najeriya. Inda hukumar duba gini ta yi rauni, katangar rukunin gidaje ba ta iya maye gurbinta.

Kuɗin daga ina?

Ba kowane mai gida a bakin ruwa ne ɓarawo ba. Akwai 'yan kasuwa, likitoci, 'yan ƙwallo da mazauna ƙetare da suka tara da guminsu. Amma gidaje sun daɗe da zama maɓoyar dukiyar da ba a son a tambayi asalinta. A 2020, cibiyar Carnegie ta wallafa binciken Matthew Page, wanda ya gano kadarori kusan 800 a Dubai, masu darajar kimanin dala miliyan 400, da ke da alaƙa da 'yan siyasa da manyan jami'an Najeriya ko makusantansu. A Disamban 2024 wata kotu a Abuja ta mallaka wa gwamnatin tarayya rukunin gidaje 753 a Lokogoma, wanda hukumar EFCC ta ce shi ne kadara mafi girma da ta taɓa ƙwatowa a lokaci guda.

Doka ta tanadi kariya a rubuce. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta sanya dillalai da masu gina gidaje cikin waɗanda dole su san abokan cinikinsu kuma su kai rahoton cinikin da ake shakka a kansa. Tsarin mulki ya wajabta wa masu riƙe da muƙamai bayyana kadarorinsu ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata a farko da ƙarshen wa'adi. Amma takardun na kulle, ɗan ƙasa ba ya ganinsu. Saboda haka mai zaɓe a Tsafe ba shi da hanyar sanin ko wakilinsa ya shiga ofis da gida ɗaya ya fita da biyar.

Ga jiha irin Zamfara, asarar ta ninka. Ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta 2022 ta nuna mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100 na 'yan Najeriya, suna cikin talauci mai fuskoki da yawa, kuma Zamfara na cikin jihohin da suka haura wannan matsakaici. Duk nairar da ta bar jihar ta zama tayil a Maitama ko Dubai ta tafi da aikin magini, kafinta da mai walda. Ta kuma tafi da wani abu da ya fi kuɗi: buƙatar mai faɗa-a-ji ta ganin garinsa ya gyaru. Wanda iyalinsa ke Abuja ba ya gaggawar gyara hanyar Tsafe.

Gusau na cika

Gusau ba ta da Jabi, ba ta da tsibirin Banana. Amma abubuwan da suka haifar da su a wasu garuruwa sun fara haɗuwa a nan. Fiye da shekara goma na rikicin 'yan bindiga sun kwararo da jama'a daga ƙauyukan Tsafe, Bungudu, Maru da sauran wurare zuwa babban birnin jihar. Wasu na haya, wasu na raɓe a kangaye da gidajen dangi. Gefen garin ma bai tsira ba: a Satumban 2023 an sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga masaukansu a Sabon Gida, cikin ƙaramar hukumar Bungudu. Idan bayan gari ya zama abin tsoro, kowa na neman fili a ciki, kuma farashi na tashi.

A lokaci guda gwamnatin Dauda Lawal, wadda ta hau mulki a Mayun 2023, ta sanya sabunta birnin Gusau a gaban ayyukanta, da tituna da filin jirgin sama. Waɗannan ayyuka ne da garin ya daɗe yana jira. Amma duk inda kwalta ta bi, darajar fili na bin ta, kuma filin da jiya ake kira kwari na iya zama abin rububi gobe. Ranar da aka yashe madatsar Gusau aka gina ganuwa a gaɓar gulbi, ranar ce fadamar mai noman tumatir za ta fara jan idon mai zanen rukunin gidaje.

A nan ne doka ke da muhimmanci. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Shi ke ba da takardar shaidar mallaka a yankin birni, kuma yana da ikon soke haƙƙin zama saboda maslahar jama'a. Diyyar da dokar ta tanada ta abin da ke kan filin ce, wato gini ko shuka, ba ta darajar ƙasar kanta ba. Manomin da ya gaji fadama tun kaka da kakanni, ba shi da takarda sai shaidar mai unguwa da maƙwabta, zai iya tashi da kuɗin albasar shekara ɗaya, a yanka gonarsa fuloti-fuloti a sayar da miliyoyi.

Zamfarawa ba sa buƙatar zuwa Legas don ganin ƙarshen irin wannan. Madatsar Bakolori kusa da Talata Mafara, wadda aka kammala a 1978, ta cinye gonaki da garuruwa da sunan ci gaba. Manoman da suka tashi neman diyya da filayen da aka yi musu alkawari sun haɗu da 'yan sandan kwantar da tarzoma a Afrilun 1980. Adadin da gwamnati ta amsa bai kai wanda manoma da masu bincike ke faɗa ba, waɗanda ke maganar ɗaruruwan rayuka. Rikicin da ke cin jihar a yau ma, da yawa daga masu nazarinsa suna komar da tushensa ga yadda aka riƙa yanka burtali, makiyaya da mashaya ana rabawa ba tare da lissafin waɗanda rayuwarsu ta dogara da su ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Gaɓar gulbi ta waye?

Akwai amsa a cikin abin da jihar ke alfahari da shi. Zamfara ce ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Oktoban 1999, kuma fiƙihun da malamanmu ke karantarwa a zaure ya daɗe da sanin harimi: filin da ke kewaye da rijiya, gulbi ko gari, wanda ba a yarda wani ya mallake shi ta yadda zai hana jama'a amfani ba. Ruwa da makiyaya suna cikin abubuwan da malamai suka lissafa a matsayin na tarayya. Wannan ƙa'ida ta zo daidai da abin da masana tsara birane ke kira a yau, wato barin tazara tsakanin ruwa da gini, don ruwan ya samu wurin yaɗuwa idan ya cika, jama'a kuma su samu hanyar isa gare shi. Jihar da ta kafa hukumomin Zakka da Hisba ba ta da uzurin rashin shata harimin gulbinta.

Hakan ba ya nufin a hana mai kuɗi gina gida mai kyau a Gusau. Gara ya gina a nan da ya kai Dubai, ya biya harajin fili, ya ɗauki 'yan gari aiki, 'ya'yansa su shaƙi iskar da kowa ke shaƙa. Sharaɗin shi ne kada kyan gidansa ya zama sanadin ambaliya a unguwar da ke ƙasa da shi. Ruwan da aka tare da katanga a wuri ɗaya ba ya ɓacewa, wata ƙofar yake nema, kuma galibi ƙofar marar ƙarfi ce.

Saboda haka akwai tambayoyin da ya kamata matasa masu bibiyar siyasa su fara yi tun yanzu, kafin a zuba tubali. Shin akwai taswirar da ta nuna inda ambaliya ke kaiwa a Gusau da Bungudu, kuma me ya hana a wallafa ta kowa ya gani? Mita nawa doka ta ware daga gaɓa da ba a gini a ciki, kuma wace hukuma ce ke tsare wannan iyaka? Hukumar ZAGIS mai kula da bayanan filaye za ta iya buɗe rajistar waɗanda aka ba filaye a kusa da gulbi da madatsa? Wace hanya mai sauƙi aka buɗe wa manoman fadama su yi rajistar gonakinsu kafin darajarsu ta tashi? Nawa aka ware a kasafin bana don yashe madatsar Gusau da gyaran ƙofofinta, kuma nawa aka saki? Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar rubuta irin waɗannan tambayoyi ya nemi amsa a rubuce.

Akwai kuma tambayar da ta dace da duk mai neman ƙuri'a a 2027, daga kansila zuwa gwamna: ina iyalinka suke kwana, kuma za ka yarda ka bayyana kadarorinka a fili ranar da ka shiga ofis da ranar da ka fita? Ɗan takarar da ya ɗauki wannan a matsayin cin fuska ya riga ya ba da amsa.

Ruwan famfo, titi mai magudana da daren da ba a jin harbi ba kayan alatu ba ne da za a bar wa masu biliyan. Matuƙar sai a bayan katanga ake samunsu, duk wanda ya samu dama zai tattara ya bar jihar, waɗanda suka rage kuma su ci gaba da gini a hanyar ruwa. Gaɓar Gulbin Gusau har yanzu mafi yawanta na hannun manoma, masunta da masu ɗibar yashi. Shata mata iyaka a yau aikin 'yan majalisa ne da masu awon fili. Idan aka jira sai an raba takardun mallaka, zai koma aikin kotu da motar rusau.